Haɗa Kwamfutar Gem a Kaduna: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Kaya

Yawancin jerin kayan haɗa kwamfuta da ake gani a intanet an tsara su ne don ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta ƙiftawa, da shagon da zai karɓi kaya ya canza in sun ba da matsala. A Kaduna lissafin ba haka yake ba. Akwai zafin Maris da Afrilu, akwai ƙurar hunturu, akwai tsawar damina, ga wutar da kan zo da rauni ko ta zo da hauka. Don haka amsoshin nan sun fi ba da ƙarfi ga abin da zai sa na'ura ta daɗe a nan, ba abin da ya fi kyau a hoto ba.

Da wane kaya ya kamata in fara?

Ba da kaya ake farawa ba, da tambayoyi biyu ake farawa: wane gem za ka buga, kuma a kan wane irin allo? Mai buga EA Sports FC da eFootball da GTA V a kan monita 1080p ba ya buƙatar abin da mai son Warzone a 1440p yake buƙata. Allon 1080p ɗigon hoto miliyan 2 da 'yan kai ne, na 1440p kusan miliyan 3.7, na 4K kuwa ya haura miliyan 8, wato ninki huɗu na 1080p. Duk ɗigon nan katin hoto ne ke zana shi sau da yawa a kowace daƙiƙa.

In ka tsayar da wannan, sai ka zaɓi katin hoto, shi ne zai ci kaso mafi tsoka, kamar kashi 35 zuwa 45 cikin ɗari na kuɗin akwatin. Daga nan firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta), sai madabod (babban allon da ake jona komai a kai) da ta dace da ita, sai RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi), SSD (inda ake adana gem da fayiloli), fawa-fak (mai raba wa kaya wuta) da kes (akwatin da ake zuba su). Amma tun kafin ka raba kuɗin, ware na UPS, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, gefe guda ka ɗauka cewa ba naka ba ne. Mutane da yawa kan ƙarar da komai a kan kati, su ce UPS sai wata mai zuwa, wata mai zuwa kuma ya tarar da su a wajen mai gyara.

Mai shago ya ce min Core i7 ce. Ba ita ce ƙarshe ba?

Wannan shi ne tarkon da ya fi kama sababbin shiga. Kalmar i7 ita kaɗai ba ta gaya maka komai sai ka duba lambar da ke binta. i7-3770 ta fito a 2012, i3-12100 kuwa a 2022. Dukansu kor huɗu gare su, wato ƙananan injinan aiki da ke cikin firosesa, amma i3 ɗin ta bar i7 ɗin nesa ba kusa ba a kowane gem. A firosesar Intel, lambobin farko su ne tsara: 3770 tsara ta uku, 8400 ta takwas, 12400 ta sha biyu. Harafin ƙarshe ma yana da magana. F na nufin ba ta iya fitar da hoto da kanta, dole sai da kati. K na nufin ana iya ƙara mata gudu, kuma ta fi cin wuta da zafi.

Akwai wani dalilin guje wa tsofaffi. Windows 11 a hukumance tana karɓar Intel daga tsara ta takwas zuwa sama, da Ryzen ta kamfanin AMD daga jerin 2000 zuwa sama, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025.

AMD ko Intel?

Gardamar nan ta fi dacewa da majalisar mai shayi. Duka biyun suna aiki. Abin da ya kamata ka duba shi ne kuɗin firosesa da madabod da RAM a haɗe, tunda tare suke tafiya.

Ga mai matsakaicin aljihu, Ryzen 5 5600 a soket (mazaunin firosesa a madabod) AM4 da i5-12400F a soket LGA1700 sun daɗe suna riƙe wannan matsayi. Kowacce kor shida, kowacce wat 65 a rubuce, kuma duka suna aiki da RAM irin DDR4. Ga wanda ke son hanyar ƙarin girma nan gaba, soket AM5 da AMD ta fitar a 2022 ya fi, da Ryzen 5 7600 ko sama da ita, sai dai shi DDR5 kaɗai yake karɓa. Masu X3D a ƙarshen suna, irin su 7800X3D da 9800X3D, suna da ƙarin ma'ajiya a cikin firosesar kanta, shi ya sa suke gaba a gem. Ba su da amfani sosai in katin hotonka ƙarami ne.

Abu biyu da za a kiyaye. Ryzen 5 5600G ba ƙanwar 5600 ba ce da aka ƙara wa hoto kyauta: an rage mata ma'ajiyar ciki zuwa 16MB maimakon 32MB, kuma a PCIe 3.0 ta tsaya, wato tsohon layin da take magana da kati da SSD ta cikinsa. Tana da kyau ga wanda zai fara ba kati ya tara kuɗi a hankali, amma in da katinka a hannu, ɗauki 5600. Na biyu, manyan firosesar Intel na tsara ta 13 da ta 14 sun yi fama da matsalar lalacewa saboda ƙarfin wutar da ke shigar su, har a 2024 kamfanin ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod, ya kuma ƙara garanti da shekara biyu. Gyaran yana hana lalacewa, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu. Saboda haka i7 ko i9 ta hannu daga waɗannan tsararraki caca ce.

Madabod mai tsada tana ƙara gudun gem?

A'a. Aikinta ta haɗa kaya ta kuma ba firosesa wuta daidai. Abin da za ka tabbatar kawai: soket ya dace, irin RAM ya dace, girmanta zai shiga kes. Ga AM4, B550 ce tsaka-tsaki. Ga AM5, B650. Ga LGA1700, B660 ko B760, kuma a nan sai an lura, domin wasu na DDR4 ne wasu na DDR5, madabod ɗaya ba ta karɓar duka biyun. H610 ta fi araha amma ba ta barin a ɗaga gudun RAM sama da abin da firosesa ta zo da shi, kuma galibi ramin RAM biyu gare ta.

Dubi gefen soket, wajen da ƙananan kayan rage wuta suke jere. In akwai ƙarfen sanyaya a kansu, alama ce mai kyau, musamman a garin da ɗaki kan kai digiri 35 da rana. Tsohuwar B450 na iya ɗaukar Ryzen 5000 amma sai an sabunta BIOS. Ka sa mai shago ya kunna ta da irin firosesarka a gabanka. Kada ka kuskura ka sabunta BIOS da wutar NEPA zalla: in aka ɗauke a tsakiya, madabod na iya komawa katako.

Ta hannu kuwa, haska tocilan waya cikin soket. A Intel da AM5 allurorin suna jikin madabod, a AM4 suna jikin firosesa. Ko ɗaya ta lanƙwashe, ka bar ta.

Wane katin hoto zai ishe ni, kuma yawan GB ne ke nuna ƙarfi?

Yawan GB ɗin kati kamar girman but ɗin mota ne, ba ƙarfin inji ba. Akwai GT 730 mai 4GB da ake tallatawa a matsayin katin gem, alhali ko rabin rabin GTX 1650 ba ta kai ba. Fara duba samfurin, sannan GB.

Ga 1080p, RX 6600, RX 7600, RTX 3060 da RTX 4060 duk suna cikin sahu. Ga 1440p, RTX 4070 mai 12GB ko RX 7800 XT mai 16GB. 8GB na wadatarwa a 1080p, amma sababbin manyan gem sun fara matse shi in aka ɗaga saitin zane zuwa ƙarshe, sai ka ga hoto na tsinkewa ko bango ya koma kamar an shafe shi da ruwa.

Cin wuta ya kamata ya shiga lissafin mutumin Kaduna fiye da yadda yake shiga na Bature. RTX 4060 wat 115 take ci, RX 6600 wat 132, RTX 3060 wat 170, RTX 4070 wat 200, RX 7800 XT wat 263. Tsohuwar RX 580 da ta cika kasuwa wat 185 take sha, kuma ba ta kai RX 6600 ƙarfi ba. Duk wat ɗin da kati ya ci zafi ne zai zuba a ɗakinka, kuma minti ne zai rage a batirin inbata.

A kula da tagwayen suna. RTX 3060 akwai mai 12GB akwai mai 8GB, ta biyun ta fi rauni. RTX 3050 akwai 8GB da 6GB. GTX 1060 akwai 6GB da 3GB. RX 580 mai 2048SP kuwa a zahiri ajin RX 570 ce.

Katin hannu fa? An ce yawancinsu na haƙar kirifto ne.

Da gaskiya a ciki. A Satumban 2022 Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗin kirifto, ta daina amfani da haƙa da katin hoto, sai aka juye tulin katuna a kasuwannin duniya, da yawa suka gangaro nan. Haƙa ita kaɗai ba ta kashe kati. Abin da ke gajiya shi ne fanka, da man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya, wani lokacin da ma'ajiyar katin. Ana iya samun mai lafiya, amma ba da kallo ake ganewa ba. Ka je da filas ɗinka ɗauke da manhajojin gwaji:

Buɗe GPU-Z ka ga ko sunan cif da yawan ma'ajiya sun yi daidai da na kamfani. Akwai tsofaffin katuna irin GTS 450 da aka canza wa suna suka koma GTX 1050 Ti, kuma manhajar kan nuna alamar jabu a gaban sunan. In ka ga kati na zamani da shuɗin ramin VGA, ka yi shakka. Sannan ka kunna FurMark ko gem mai nauyi na minti 20 zuwa 30, kana kallon zafi a HWiNFO. Ɗigo-ɗigo masu launi, layuka, allo ya yi baƙi ya dawo, ko fanka na ƙara kamar injin markaɗe, duk dalilan fasawa ne. Gwada kowane ramin HDMI da DisplayPort. Juya bayan katin: in allon ya yi launin ƙasa-ƙasa a kewayen cif, ya sha zafi ko an gasa shi don ya farfaɗo na ɗan lokaci. Mai kayan da ya ƙi yarda a yi gwajin rabin awa ya riga ya ba ka amsa.

RAM nawa, kuma guda ɗaya ko biyu?

16GB shi ne mafi ƙaranci yanzu, 32GB ga mai yaɗa wasa kai tsaye ko gyaran bidiyo. Biyu masu 8GB sun fi ɗaya mai 16GB, domin firosesa na magana da su ta hanyoyi biyu lokaci guda. A madabod mai rami huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga gefen firosesa ake sawa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. Sayi biyun a kwali ɗaya. Gauraya iri daban-daban kan yi aiki wani lokacin, wani lokacin kuma ya jawo shuɗin allo da za ka yi wata kana zargin Windows.

DDR4-3200 ko 3600 ya isa. A AM5, DDR5-6000 ne aka fi samun daidaito da shi. Bayan haɗawa sai ka shiga BIOS ka kunna XMP ko EXPO, saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, in ba haka ba RAM ɗin zai zauna a ƙaramin gudu, ka biya kuɗin doki kana hawan jaki. RAM ɗin laftof gajere ne, ba ya shiga tebur.

SSD ko HDD?

Windows da gem a kan SSD, ba gardama. HDD, wato tsohuwar ma'ajiya mai faifai, na karatu kamar 150MB a daƙiƙa, SSD irin SATA kusan 550MB, SSD irin NVMe na PCIe 3.0 kusan 3,500MB, na 4.0 har 7,000MB. Tsalle mai girma shi ne daga HDD zuwa kowane SSD. Tsakanin NVMe na 3.0 da na 4.0 kuwa da wuya ka ji bambanci a gem, don haka 1TB mai matsakaicin gudu ya fi 500GB mai gudun tsiya, tunda gem guda kan haura 100GB. HDD na da amfani ɗaya a nan: ajiye kwafin gem ɗin da ka sauke, don kada ka sake ƙona data.

Jabun SSD sun yawaita. CrystalDiskInfo zai nuna maka awannin da ya yi yana aiki da yawan abin da aka rubuta a kansa, H2testw kuma zai tona asirin wanda aka rubuta wa 1TB alhali cikinsa bai kai ba.

Me ya sa kuke nacewa a kan fawa-fak? Ai wuta kawai yake bayarwa.

Domin shi kaɗai ne in ya mutu yake iya tafiya da maƙwabtansa. Firosesa mai rauni gem kawai za ta rage wa gudu. Fawa-fak maras kyau kuwa, ranar da wuta ta yi tsalle, zai iya miƙa ta kai tsaye ga madabod da kati da SSD. A nan ne karin maganar nan ta sayen nagari mai da kuɗi gida ta fi zama daram.

Lissafin wat ba wuya. Ryzen 5 5600 da RTX 4060 da sauran tarkace ba sa kai wat 300 a tsakiyar gem, don haka 550 mai kyau ya wadatar har da rara. Ga RTX 4070, 650. Ga RX 7800 XT, 750. Lambar da ke jikin fawa-fak iyakar abin da zai iya bayarwa ce, ba abin da yake ja kullum ba. Karanta takardar gefensa ka duba layin 12V, domin daga nan kati da firosesa suke sha. Na kirki yana ba da kusan duka ƙarfinsa a wannan layi. Wanda aka rubuta wa 600 amma layin 12V ɗinsa bai wuce 300 ba, 300 ne. Ɗaga shi ma a hannu: in ya yi sakayau kamar gwangwanin madara, ajiye.

Tambarin 80 Plus, Bronze ko Gold, yana auna ƙarancin asarar wuta ne, ba ingancin kariya ba, kuma ana buga na ƙarya. Nemi samfurin da aka san shi daga kamfanoni irin Seasonic, Corsair, be quiet! ko Cooler Master, wanda ke karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240. Wannan faɗin yana taimakawa sosai lokacin da wuta ta yi ƙasa da daddare. Tsofaffin da aka shigo da su daga Amurka kan zo da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi.

Kuskure biyu da ke ƙona kaya sabbi fil. Wayar firosesa mai baki takwas da ta katin hoto mai baki takwas sun yi kama amma tsarinsu daban, kada a tilasta ɗaya a ramin ɗaya. Kuma wayoyin fawa-fak masu cirewa ba a aron su daga wani samfuri zuwa wani, ko da bakin ya shiga. Sababbin katunan Nvidia masu filogi mai baki 16 kuma sai an tura shi har ya ce ƙas. Rashin shigarsa sosai na cikin abin da ya jawo narkewar filogin RTX 4090 da aka yi ta magana a 2022.

UPS, sitabilaiza, inbata, janareto: wanne nake buƙata?

Aikinsu ba ɗaya ba ne. Sitabilaiza tana gyara wutar da ta yi ƙasa ko sama, amma in an ɗauke wuta ita ma ta mutu tare da kai. UPS yana riƙe ka na 'yan mintuna. Ƙananan suna da batir 12V 7Ah ko 9Ah guda ɗaya ko biyu, abin da suke bayarwa kawai damar ka adana wasa ka kashe cikin mutunci, ko ka jira a tayar da janareto. Ba a buga gem a kansu.

Lambar VA da ke jikin UPS ba wat ba ce. A yawancin masu araha sai ka ninka da 0.6: 650VA kusan wat 390, 1000VA kusan 600, 1500VA kusan 900. Haɗa cin kwamfuta da monita, ka ƙara kamar kashi 30 cikin ɗari. In UPS ya yi ƙaranci, lokacin da aka ɗauke wuta kana tsakiyar wasa zai yi kuka ɗaya ya mutu, kamar babu shi. Fawa-fak na zamani sun fi jituwa da UPS ko inbata mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta layin gwamnati, wadda masu sola ke kira fiyo sain. Da mai kwaikwayon ta, wasu kan yi ƙugi, wasu su mutu a lokacin sauyawa.

Mai inbata ga lissafi. Batir 12V 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400. In na ruwa ne ko na gel, rabi ake sha in ana son ya daɗe, saura 1,200. Kwamfuta da monita masu cin wat 300, in aka cire asarar inbata, awa uku da ɗan ɗoriya ke nan, ba fanka ba fitila. Ta fuskar mita kuwa, wat 300 na awa huɗu yunit 1.2 ne, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin masu Band A zuwa sama da naira 200 a kan yunit.

Ƙaramin janareton nan na ƙofar shago wutarsa na hawa da sauka duk lokacin da firij ko injin ruwa ya tashi. Kada a jona kwamfuta kai tsaye, a bi ta sitabilaiza ko UPS mai gyaran wuta. In kana jin kes na ɗan tsikarin hannu, soket ɗinka ba shi da wayar ƙasa, kira mai gyaran wuta. Da damina kuma, in hadari ya haɗu, zare filogi daga bango, har da wayar intanet. Kashe makunni bai isa ya tare tsawa ba.

Yaya zan yi da zafi da ƙura?

Fanka ba ta iya sanyaya kaya ƙasa da iskar ɗaki. In wanda ya gwada firosesar a ɗaki mai digiri 22 ya samu 70, kai a ɗaki mai 36 ka sa ran 84. Ryzen 7000 na rage gudu da kanta a digiri 95, Intel a wajen 100. Don haka zaɓi kes mai raga a gaba, ba mai gilashi rufe ruf ba, komai kyan fitilunsa. Fanka biyu ko uku masu milimita 120 a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Masu shigarwa su fi masu fitarwa yawa, kuma su kasance bayan matatar ƙura. Da haka iska za ta riƙa fita ta ƙananan kafofi maimakon ƙura ta shiga ta nan.

Mai sanyaya firosesa irin na hasumiya da fanka ɗaya ya ishi kowace firosesa mai kor shida. Na ruwa yana da kyan gani, amma in famfonsa ya mutu sai dai a sayi wani sukutum, na iska kuwa fanka kawai za ka canza. Auna tsayinsa da faɗin kes, haka ma tsawon katin hoto, tun kafin ka biya.

Kada a ajiye kwamfuta a ƙasa, balle a kan kafet. Da hunturu a wanke matata duk sati biyu, a hure ciki da abin hura iska duk wata ɗaya ko biyu, a waje, an zare wuta, kuma a riƙe fankoki da yatsa kada iska ta juya su fiye da ƙima. Busasshiyar iskar Disamba da Janairu na tara wutar jiki, irin wadda kan tsikare ka in ka taɓa ƙofar mota. Taɓa ƙarfen kes kafin ka ɗauki RAM ko kati, kuma ka riƙe su ta gefe.

Zan iya sayen tsohuwar kwamfutar ofis in sa mata kati?

Ana yi, kuma hanya ce ga mai ƙaramin ƙarfi, sai dai tana da iyaka. Dell OptiPlex da takwarorinta na HP da yawa suna da fawa-fak ƙarami mai filogi na kamfaninsu kaɗai, ba irin mai baki 24 na kowa da kowa ba, kuma ba su da wayar katin hoto. Sirararan ciki kuma sai gajeren kati. Abin da zai shiga shi ne katin da ke shan wuta daga ramin madabod kawai, wanda iyakarsa wat 75, irin wasu GTX 1650 ko RTX 3050 mai 6GB. Nemi mai babban akwati, tsara ta takwas zuwa sama. Ka sani dai ranar da ka so ƙarin girma, kusan komai za ka sake.

A ina zan saya?

A cikin gari ana samun kes, fanka, monita, RAM, SSD da UPS a shagunan kwamfuta na kewayen titin Ahmadu Bello da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kuma kaya masu nauyi ko masu fashewa gara a saye su a nan. Katin hoto da firosesa na zamani sau da yawa sai an aiko daga Computer Village ta Ikeja ko Banex da ke Abuja. Ga kati mai tsada, kuɗin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja don ka gwada da idonka ba asara ba ne. In aike za a yi, a turo bidiyon gwaji da lambar jikin kayan a fili, a rubuta lambar a rasit tare da kwanakin garanti. Garantin baki ba garanti ba ne. Kwamfutar da aka riga aka haɗa kuwa, a cire katin hoto a naɗe shi daban kafin ta hau mota, domin gargadar hanya na iya tsage ramin da yake ciki.

Na haɗa, fankoki na juyawa, amma allo baƙi. Me ya faru?

Bi su ɗaya bayan ɗaya. Wayar monita tana jikin katin hoto, inda ya kamata ta kasance, ko jikin madabod? Wannan kaɗai ya warware rabin irin wannan kuka. An sa wayar firosesa mai baki takwas da ke saman madabod? An sa wa kati tasa wutar? Cire RAM ka mayar, ka danna har maƙallan su rufe, in bai yi ba gwada guda ɗaya a A2. Madabod da yawa na da ƙananan fitilu huɗu, CPU, DRAM, VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda matsalar take. A AM5, kunnawar farko kan ɗauki 'yan mintuna allo na baƙi yayin da take daidaita DDR5, kada ka yi saurin kashewa.

In ta kunna amma zafi ya haura nan take, yawanci ledar da ke manne ƙarƙashin mai sanyaya ce aka manta ba a ɓare ba. Man firosesa kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa. In ba ta motsa ko kaɗan, duba ƙananan ginshiƙan tagulla da ke ɗaga madabod daga jikin kes: wanda ya zauna inda babu ramin noti yana taɓa bayanta ya haɗa wuta. Shi ya sa ake fara gwada madabod da firosesa da RAM a kan kwalinta kafin a ɗaure ta.

Na sayi monita mai 144Hz amma ban ga bambanci ba.

Windows kan bar shi a 60Hz sai ka canza da hannunka a saitin allo, ɓangaren ƙarin saiti. In 144 bai fito a jerin ba, wayar ce ko ramin: wasu monitoci ba sa ba da cikakken gudunsu sai ta DisplayPort, tsohuwar wayar HDMI kuma na iya tsayar da kai a 60. Bayan haka ka duba cikin gem ɗin kansa, domin da yawa suna da nasu ƙaidin firem, wato yawan hoto a daƙiƙa, da ke zuwa a kulle a 60, sannan ka kunna FreeSync ko G-Sync, saitin da ke daidaita gudun monita da na kati, in monitan na da shi.